Muryar Ghali Bayan Salla

Wata guda bayan ƙaramar Salla aka tsinci gawar Ghali kusa da tashar jiragen ruwa ta Nansha, can ƙasar waje inda yake fatauci. A makon ne kuma kwantenar 'yan kasuwar Kano ta isa gida cike da bulo maimakon shadda. Kowa a Tianxiu, ginin kasuwar da suke ciniki, ya ce marigayin ne ya yi damfarar.

Amininsa Mutawakilu bai yarda ba. Wasannin bincike na rediyo sun koya masa sauraro tun yana ƙarami, don haka ya hau ofishin Shitu, abokin kasuwancin Ghali.

"Ji da kunnenka, Malam," in ji Shitu. "Ranar da ya rasu ya turo mini."

Muryar Ghali ta fito daga wayar: "Ni na loda kayan da hannuna." Can bayansa wani yana cewa, "Barka da shan ruwa, saura kwana tara Salla."

Mutawakilu ya gane cewa a cikin azumi aka naɗi muryar. Tsohon saƙo ne, wani ya sake turo shi daga wayar mamaci.

"Alhaji, ina wayar Ghali take?"

Shitu ya miƙe a hankali, ya murza makullin ƙofa, ya jefa shi aljihu.