Saura Mako Uku

Genzo ya kinkimo tulun daga ƙarƙashin kantar mashayarsa, ya dire shi har kofuna suka yi ƙara. Giyar 'ya'yan itacen ume ce, marigayiya matarsa ta jiƙa ta shekarar da ta haifi Chizuru, ta ce kada a buɗe sai yarinya ta cika ashirin. Ga shi yau gari na bikin 'yan shekara ashirin.

"Maigida, tun azahar kake shafa tulun nan kamar jariri," in ji tsoho Isamu, wanda kujerar lungu ta zama tasa. "Ɗanɗana mana mana!"

"Rufe bakinka. Sai ta zo."

Ƙarfe huɗu aka ja ƙofar mashayar. Chizuru ce cikin jar rigar kimono, da 'yan ajinsu biyar, sun taso daga zauren biki suna ta ihu.

"Baba, mun girma! A zubo!"

Genzo ya daka tsawa: "Katin shaida tukuna! Kowa!"

"Haba Baba Genzo, kai fa ka koya mini keke," in ji Takuma, ɗaya daga cikinsu.

"Keken ba ya da ranar haihuwa. Miƙo."

Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, bai taɓa zuba wa wanda bai cika ashirin ba. Kowace shekara a wannan rana ta Janairu sai ya kama wani, don 'yan aji guda ake kira biki, har da waɗanda sai Fabrairu ko Maris za su cika.

Ya duba katin biyar ɗin, duk sun wuce. Ya ɗora hannu kan murfin tulu. Chizuru ta miƙo nata tana dariya.

"Ba ka ce kowa ba?"

Ya karɓa don wasa. Uku ga Fabrairu. Ya san ranar sarai, shi ya tuƙa motar da ta kai uwarta asibitin haihuwa. Murna ce ta hana shi lissafi.

Chizuru ta leƙa katin, dariyarta ta tsaya.

"Baba, mako uku ne fa kawai."

"Maigida, 'yarka ce, shagonka ne," in ji Isamu. "Wa zai faɗa? Ni makaho ne yau."

"A buɗe! A buɗe!" Yaran suna buga kanta.

Genzo ya dubi takardar da ke manne a jikin tulun, rubutun matarsa ne. Ashirin ta rubuta, ba biki ba.

Ya mayar da tulun inda ya ɗauko shi. Ya zuba wa biyar ɗin wata giyar, ya tsiyaya shayin sha'ir kofi biyu, ya tura wa Chizuru ɗaya.

"Ɗayan na wa?" ta tambaya.

"Nawa. Ba zan ɗanɗana komai ba sai uku ga wata."

"Kai?" Isamu ya ƙyalƙyale. "Kwana uku ma ba za ka kai ba!"

Chizuru ta ɗaga kofinta da hannu biyu ta gwara da na ubanta.

"Ranar kuma zan zo da katina," ta ce.

"Zan duba," in ji Genzo.