Yatsan da Lalle Bai Kama Ba

Fitilar ta sake yin ja, na'urar ɗaukar zanen yatsa ta yi ɗan kuka irin na ɗan tsako. Abiba ta janye babban yatsanta daga kan gilashin, ta goge shi a gefen mayafi.

"Goga a goshinki," in ji matar da ke bayan kwamfuta. "Wani lokaci maiƙo take so."

Sunan matar Celestina. Kirista ce, amma a zangon Kumasi ta girma, shi ya sa da ta ji sunan Abiba ta ajiye Turanci ta kama Hausa. Ofishin na wani kamfanin shara da goge-goge ne, a saman shagon mai soya kaji a unguwar Moss Side, a ƙasar Turawa. Sun daina sa hannu a takarda. Duk mai son aiki sai na'ura ta karɓi yatsansa, da shi zai buɗe aiki da safe, da shi zai tashi. Yau ce ranar ƙarshe ta ɗaukar ma'aikata.

Abiba ta goga a goshi, ta ɗora. Haske ya ratsa yatsan daga ƙasa, kamar an haska tocila a cikin dabino. Ja.

"Wa ya yi miki wannan lallen? Ai wannan kwalta ce!"

"Shekaranjiya na fita takaba."

Celestina ta sauke murya. "Allah ya ji ƙan shi, 'yar'uwa."

Suweiba ce, maƙwabciyarta, ta zo da lallen, ta haɗa shi da baƙin garin nan mai sa shi kamawa sosai. Ta ce matar da ta fita takaba ba ta fita da farin hannu kamar marar dangi. Ta lafta mata, ta ɗaure hannuwan a leda tun hantsi har la'asar. Babu wadda ta tuna da na'ura.

"Ke ba za ki iya rubuta sunana kawai ba?"

"Ni? System ɗin a Birmingham yake. Ni dai ina dannawa ne. In ya ƙi mutum da yawa sai ya kulle sunansa, ko manager ba ya iya buɗewa."

Abiba ta yi tunanin abin da ke zaune a Birmingham, a ɗaki mai sanyi, ba fuska, ba kunne, aikinsa kallon yatsun mutane daga safe zuwa dare. Ko ya san na mamata da na masu rai? Ko yana gajiya?

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Kamaldeen ne, yayan marigayi mijinta, daga unguwar Perry Barr ta Birmingham. Da ƙyar ta danna da hannun dama, na hagun yana dunƙule cikin mayafi tun da ta shigo.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. Sun ɗauke ki?"

"Ana kan yi."

"Abiba, ba takura miki nake ba. Amma mace ba aiki, ita kaɗai a flat? In yau ba ta yiwu ba, ran Asabar zan zo da van. Mun gyara miki box room, ɗan ɗakin nan na ajiye kaya. A mayar wa council makullin gidansu, a yanke layin wayar gida, kowa ya huta."

"To, Yaya."

Layin waya. A cikinsa mijinta Sadique yake. Ba a akwatin wayar ba, an ce mata a cikin layin kansa. In ka kira gidan ba a ɗauka ba, sai ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum, Sadique ne, ba ma gida, leave a message," sannan a ji muryar Abiba daga nesa tana tambayarsa ko ya gama. Ranar da aka yanke layin, shi ke nan.

"Ina banɗaki?" ta tambayi Celestina.

A ƙarƙashin wurin wanke hannu ta sami jarkar bilic na wanke banɗaki da soson ƙarfe. Ta zuba a kan manuninta na dama, ta dirza. Warin ya hau mata ido. Ta dirza har fatar ta yi laushi, ta fara zafi kamar an sa barkono. Baƙin ya koma ruwan ƙasa, amma bai tafi ba. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Da ta fito layin masu jira ya kai matakala. Wani dogo mai jakar baya ya dubi agogo ya ce, "Come on, love."

Celestina ta kama yatsan ta duba. "Kai! Me kika yi? Kin cinye zanen gaba ɗaya."

"Gwada dai."

Ja. Wannan karon wani rubutu ya fito a kwamfutar, Celestina ta karanta, sannan ta tura kujerarta baya.

"Saura gwaji ɗaya. Ba ni ɗaya hannun."

"Duk ɗaya ne."

"Ba ni in gani."

Abiba ba ta motsa ba. Ko Suweiba ba ta ga wannan hannun a buɗe ba tun da aka kwance ledar.

"Hajiya, mutane na jira. Ni ma da ƙarfe biyar abin nan zai kore ni."

Ta fito da hannun a hankali, ta buɗe. Yatsu huɗu baƙi wuluk. Ɗan ƙaramin kuwa fari fat daga gaɓar ƙarshe zuwa sama, kamar baƙo a cikinsu.

Ranar lallen, da matan da suka zo taya ta suka shiga kicin duba tuwo, gidan ya cika da dariya irin wadda aka daɗe ba a yi ba, sai ta ji ba za ta iya jurewa ba. Ta huda ledar da haƙori, ta zaro ɗan yatsan, ta goge shi a zani, ta danna lambar gidan a wayar hannunta. Wayar falo ta yi ta ƙara, Suweiba na ihu daga kicin a ƙyale ta, hannunsu da gari. Sannan Sadique ya yi gyaran murya a kunnenta.

"Wannan zai yi," in ji Celestina. "Ita ba ruwanta da wanne ne. Amma ki sani, wanda ta karɓa yau, shi za ki riƙa ba ta kullum. Kin yarda?"

Abiba ta yi bisimilla a zuci, ta ɗora. Yatsan ya yi wa gilashin kaɗan. Hasken ya ratsa shi, ya yi jajir, har tana ganin inuwar ƙashin. Na'urar ta yi shiru. Dogon mai jakar baya ma ya leƙo.

Kore.

Celestina ta saki numfashi, ta hau danne-danne. "Monday, ƙarfe shida na safe. Kar ki yanke shi, kar ki ƙona shi, kar ki bari wata ta sa masa lalle ko auren 'yarki ake." Ta ɗago. "Wai ya aka yi shi kaɗai ya tsira?"

Abiba ta mayar da hannun cikin mayafi.

"Aike na yi da shi," ta ce.

A bakin titi, ƙamshin kaji na bin ta, ta ciro wayar. Kamaldeen na jiran labari. Ta dubi sunansa, ta wuce shi, ta danna lambar gida da ɗan yatsan, ta tsaya tana jiran kada kowa ya ɗauka.