Waƙar da Farfesa Ormerod Ya Kama

A fanninmu na tsohon Turanci akwai wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma ta fi doka ƙarfi. Idan babba ya ce yana aiki a kan wani tsohon littafi, shi ke nan ya yi kamu. Ba mai taɓawa, ba kuma mai tambayarsa ina aka kwana, wai rashin kunya ne.

Abin da ya ci Hilary Thwaite ke nan, wadda muke ofis ɗaya da ita a jami'armu ta arewacin Ingila. Ta fi mu duka iya karanta rubutun mutanen da, amma aikin wucin gadi take yi, duk shekara a sabunta mata kamar hayar ɗaki. Kujerar dindindin kuwa ba a ba wanda bai fitar da littafi ba.

Abin haushin, littafin yana hannunta. Doguwar waƙa ce da wani limamin ƙauye ya rubuta a fatar tumaki shekaru ɗari shida da suka wuce, kan annobar da ta cinye garinsu. Hilary ta kwafe ta kaf a laburaren babban coci, ta yi mata sharhi, ta zuba a kwali ƙarƙashin teburinta. Sai dai tun muna ɗalibai Farfesa Ormerod ya ce yana kanta. Ya yi ritaya, ya koma ƙauye, har yau wai yana kanta.

Da aka tallata kujerar dindindin a sashenmu, na tare ta.

"Ke Hilary, ki je ki tambayi tsohon nan mana."

"Haba Gwen! Shi fa ya koyar da ni. In ce masa me? Malam, yaushe za ka mutu in samu?"

"Ki ce masa kin kusa hamsin."

"Ba a yin haka," in ji ta, ta ci gaba da duba takardun ɗalibai.

Na je wurin shugaban sashe da maganar, ya zaro ido. "Kul! Ormerod na gab da gamawa."

"Wa ya gaya maka?"

"Ai kowa ya sani."

Wallahi ranar kamar in fasa ihu. Sashe cike da masana, sun iya tuhumar liman da ya mutu tun zamanin annoba, amma sun kasa buga wa tsoho mai rai waya.

Aka ba wani saurayi daga kudu kujerar, da ɗan siririn littafinsa. Ita kuma ba a sabunta mata ba. Ta samu koyarwa a wata sakandare a garin Hull, ta ce in kai ta ta yi wa malaminta sallama.

Muka same shi a lambu yana datse furanni. Ya kawo shayi da kek, ya yi ta jajanta mata. Can da za mu tashi ta daure, murya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Malam, Allah Ya sa mu ga fitowar waƙar nan."

"Wace waƙa?"

"Ta limamin nan."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Wannan? Ai 'yata, na ajiye ta tun kafin a haifi jikata. Idon ya daina ganin rubutun. Na yi ta jira wani ya zo ya karɓa, ba wanda ya zo, sai na ɗauka ba mai so. Ke kina so ne?"

Na dube ta, ina jira ta kife teburin, ko ta fashe da kuka, ko ma dai mene ne. Ta ajiye kofi a hankali, ta gyara cokali.

"A'a Malam, kada ka damu," ta ce. "Kek ɗin ya yi daɗi ƙwarai."