Yadda Reino Ya Koma Kiɗa da Ƙafa

Yayata Darlene da mijinta Reino Koskela sun fi shekara talatin suna yi wa mutanen garinmu kiɗa. Duk Lahadi, bayan an taso daga coci an ci abincin rana, sai a taru a zauren ƙungiya da ke bakin tafki, a ture tebura gefe, a yi ta rawa har kofi ya ƙare. Ita ce mai jita da waƙa. Shi kuma yana zaune a bayan piyanonsa na lantarki, irin wanda ke da ganga da sauran kayan kiɗa a cikinsa. Ni nawa ɗaukar kaya ne. Na yi ritaya daga tuƙin motar 'yan makaranta, kuma a motata kaɗai lasifikokinsu ke shiga, shi ya sa Reino bai taɓa kirana Wendell ba, sai dai "direba".

Ana nan sai wata karkarwa ta fara masa a hannun dama. Da farko ya ce sanyi ne, daga baya ya ce kofi ne ya yi masa yawa. Da likita ya gaya masa ciwo ne da ba a warkewa, sai dai a yi ta lallaɓawa, ya dawo gida ya ci gaba da kiɗansa kamar ba a yi ba. Masu rawa ba su lura da komai ba, ko kuma sun lura suka yi masa kawaici. Shi ne ya kasa yi wa kansa. Wata Lahadi a farkon sanyi, mun dawo muna sauke kaya, ya ce in wuce da piyanon ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan, kada in ajiye shi a falo. Na tambaye shi dalili, ya ce in tambayi hannunsa.

Haka aka yi sanyin shekarar nan babu su. A zauren aka koma haɗa waya da lasifika, mutane suka fara ja da baya, har ta kai wasu Lahadin tsofaffi ne kawai ke zama suna karta. Reino ya kama kujerar da ke bakin taga, yana kallon dusar ƙanƙara na taruwa a kan rufin garejinsa. Yaya Darlene ba ta iya zama ba. Ta wanke labulaye, ta sake fentin kicin, ta gasa burodin da ya ishi unguwa guda. Idan na je nakan ji ta tana rera waƙa ƙasa-ƙasa a wurin wanke-wanke, da ta ji motsinsa sai ta yi shiru.

Da ƙanƙara ta fara narkewa ta kira ni ta ce in kai ta garin Marquette, kuma kada in gaya wa maigidan. A hanya ta ba ni labari. Wai a bikin jikar ƙawarta ta ga wata mata ita kaɗai a kan dandamali da jita, amma kiɗan da ke fita kamar na mutum huɗu. Da ta matsa kusa sai ta ga wani dogon allo a ƙasa mai maɓallai, matar na taka su da ƙafa.

Mai kantin kayan kiɗan da muka je, wata doguwar mata mai suna Yolanda, ta gane abin tun kafin Yaya ta gama kwatance. Ta fito mana da wani da aka taɓa amfani da shi, na ƙarfe, mai nauyi, fentinsa ya goge a inda ƙafa ke yawan sauka. Ta ce shi kansa ba ya fitar da sauti ko kaɗan, saƙo kawai yake aikawa ta wata igiya da ake kira MIDI. Ka taka wannan, piyano ya tayar da ganga. Ka taka wancan, ya sauya amo. Ka taka na ƙarshe, ya rufe waƙa. Kai ne za ka koya wa kowane maɓalli aikinsa. Ta tambayi shekarun piyanon gida, da muka faɗa ta yi dariya ta ce ba komai, tsofaffin ma suna jin wannan yaren.

Na haɗa mata kayan a ɗakin ƙasa iyakar abin da na gane daga bayanin Yolanda. Reino ya gan mu muna shiga da kwalin. Da Yaya ta gaya masa ko mene ne, sai ya ce madalla, an samo wanda zai maye gurbinsa, kuma ba ya cin abinci. Ta ce masa ba ya minshari kuma. Na ga abin ya taɓa shi fiye da yadda ya nuna.

Koyon bai zo mata da sauƙi ba. Yaya mace ce da ba ta iya waƙa a tsaye cik, sai ta yi ta rangaji, ƙafarta ta bar inda ta ajiye ta. Idan ta kalli ƙasa baitin waƙa ya ɓace mata, idan ta ɗaga kai ta taka abin da ba shi ba. Akwai ranar da take tsakiyar wata waƙa mai sanyi ta masoya, sai ga gangar sojoji ta ɓarke har gwangwanayen da ke kan kanta suka amsa. Muna jin kujerar Reino a sama ta yi ƙara, amma bai sauko ba.

Ita kuwa ba ta haƙura ba. Ta manna takardu masu launi a kan maɓallan, ta zaɓi waƙoƙi masu sauƙi, ta yi ta maimaitawa kullum da safe. Kafin furanni su fito ta iya abin da zai ishe ta rabin yini, sai ta aika wa shugabar zauren cewa za ta zo.

Ban zaci Reino zai bi mu ba, amma ina ɗaga lasifika sai na gan shi a gaban mota da rigarsa ta zuwa coci. Ya ce ya zo ne ya ga yadda ake korar mutane daga zaure.

Ba a kori kowa ba. Yaya ta yi kuskure nan da can, amma mutane sun yi kewarta, filin rawa ya cika. Reino ya zauna can baya kusa da teburin kofi, ya cusa hannun damansa a aljihu. Ni ina kusa da shi, kuma abin da na riƙa kallo ba fuskarsa ba ce, ƙafarsa ce. Diddigensa na dukan katakon zauren daidai da kiɗan, ba gaba ba baya, kuma duk inda ya kamata amo ya sauya, sai in ga yatsun ƙafarsa sun motsa kafin Yaya ta taka. Na san halinsa, da na yi magana da ya naɗe ƙafar ita ma.

A mota muna komawa, da muka wuce gada sai ya ce, "Kin yi ƙoƙari, 'yar tsohuwa. Amma kullum kina makara da sauyi. Kuma wane ne ya jera maɓallan nan?"

Na ce ni ne.

"Na sani, direba. Tambayar ta ladabi ce."

Washegari da safe ya kira ni. Na same shi a ɗakin ƙasa ya jawo kujera, ya sa tabarau, littafin bayanin allon a kan cinyarsa yana rawa tare da hannunsa. Ya ce amon da ke bin juna a waƙa dole su zauna maƙwabta, ba a sa ɗaya a gabas ɗaya a yamma ba kamar yadda na yi. 'Yan madannan da ake saita abin da su ƙanana ne, yatsunsa ba sa iya tsayawa a kansu, don haka shi ke faɗa ni ina dannawa. Ya zage ni iya son ransa. Na danna ba daidai ba sau da yawa, muka goge komai muka sake. Zuwa azahar mun gama jera waƙa ɗaya.

Ya kira Yaya ta zo ta gani. Ta sauko da jitarta, ya ce ta fara, shi zai nuna mata inda ake takawa. Takalminsa na aiki ya yi faɗi, ya haɗa maɓalli biyu lokaci guda, ya yi tsaki ya cire shi ya jefar gefe. Da safa ya taka. Ganga ta tashi, Yaya ta shiga da waƙa, suka tafi tare har ƙarshe ba tare da ya kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya rufe waƙar ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar tukunyar ɗumama gida.

Yaya ta ajiye jitar ta ce, "Reino, ni fa ba wayo na yi maka ba. Don kaina na sayo shi, kuma na sha wuya kafin na iya."

Ya ce ya sani, ai yana jin wuyar daga sama.

"To amma na fi son in ɗaga kaina in kalli mutane in ina waƙa. Ka karɓa ko in ci gaba da makara?"

Ya daɗe yana kallon safarsa. Ya ce likita ya gaya masa ciwon ba a hannu zai tsaya ba, wata rana zai sauka ƙafa. Ta ce ta ji, tana wurin aka faɗa, amma yau ba ita ce wata ranar ba. Sai ya juyo ya ce mini in daina tsayuwa kamar turke, in buɗe waƙa ta gaba.

Mun shafe sauran bazarar a ɗakin nan. Ya gano cewa hannun hagunsa, wanda karkarwar ba ta ci sosai ba, zai iya ƙara 'yan ado a kan piyanon idan ƙafa ta ɗauke masa nauyin sauran. Safa tana zamewa a kan ƙarfe, sai Yaya ta tono masa wani siririn takalmin rawa da ya yi shekaru a akwati. Wasu ranaku jikinsa ya ƙi, ya yi fushi ya haura sama. Wasu ranaku kuma sai na tuna musu cewa ina da gida.

Lahadin da suka koma zauren tare, mutane sun yi yawa har aka ɗebo kujeru daga coci. Wata ta kawo bandar kifi, wata ta kawo burodi mai zaƙi. Reino ya zauna a inda ya saba, allon a gabansa, hannun damansa a fili a kan gwiwa yana karkarwarsa, bai ɓoye shi ba. Suka fara da polka, wani kiɗan rawa mai sauri, kuma tun daga baitin farko na ji bambancin, don kiɗan ya daina bin Yaya a baya, ya koma ɗaukarta.

Ana tsakiyar rawa wani dattijo ya zagayo kusa da dandamali, sandarsa ta maƙale igiyar allon ta fizge ta. Ganga da komai suka ɗauke, sai jita da muryar Yaya. Na ga ta waiga. Reino ya janye ƙafarsa daga allon ya fara dukan katakon dandamalin da diddige, da ƙarfi, yana yi mata alama da kai ta ci gaba. Masu rawa suka kama tafi a kan bugunsa. Ni kuma na rarrafa a ƙarƙashin piyano ina laluben ramin igiyar, yana ce mini ƙasa-ƙasa, "Na hagu, direba, na hagu. Wanda ya ba ka lasisi ya cuce mu." Da na mayar da ita ya jira har baiti ya zagayo, sannan ya taka, kiɗan ya dawo daidai wurinsa. Aka yi sowa, wasu ma suka ɗauka da gangan aka shirya.

Bayan an tashi, muna naɗe igiyoyi, wata mata mai suna Bernice Maki ta tsaya a gefe har mutane suka ragu. Mijinta Arvid ya yi shekaru yana kaɗa molo a garin da ke gaba da namu, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar masa da hannu ɗaya. Ta ce tun lokacin ko rediyo ba ya yarda a kunna. Ta tambaya ko Reino zai iya zuwa ya nuna masa wannan abin, ko da ba zai taɓa ba.

Reino ya ce shi ba malami ba ne, kuma Arvid mutum ne mai taurin kai, ya san shi tun suna samari. Bernice ta ce haka ne. Ya tambaye ta wace ƙafa ce mai lafiyar, ta ce ta dama. Ya yi ɗan lissafi, sannan ya ce sai an juya jerin maɓallan kenan.

Ranar Laraba muka tafi, allon a kujerar baya an lulluɓe shi da bargo. Arvid ya karɓe mu a falo fuska a ɗaure, ya ce Bernice ta ɓata mana lokaci. Reino ya ce shi ma abin da ya gaya mata kenan, amma tunda an zo sai a sha kofi. Na haɗa kayan a tsakar falon, suka yi ta hirar kamun kifi da mutanen da suka rasu, babu wanda ya kalli allon. Da za mu tafi na sunkuya zan cire igiya, sai Arvid ya ce in bar shi nan zuwa Asabar, ba don komai ba, don kada in yi ta wahalar ɗauka.