Farar Riga a Gaban Tarakta

Sabon tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, na hagu da na dama. Bushin, robobin mahaɗarsa, cikin leda. Gwangwanin giris. Sifana. Takalmi na Inna. Abin da ke cikin jakata ke nan, tana kan cinyata a motar haya, ƙarfen yana dukan gwiwata duk ramin da muka faɗa.

Duk shekarun da na yi a waje ina karatun injinan noma, ba wayar da zan yi da gida ba a ambaci sitiyarin taraktar Baba ba. Taraktar ta girme ni. Da ita ya yi wa rabin gari huɗa, har ana cewa layinsa kamar an ja da zare. Yanzu layin ya fara karkata, kowa kuma ya san dalili: sitiyari ya saki, sai ka juya shi taƙi guda kafin taya ta ji.

Na tarar da Baba a bakin rumfar tarakta. Ya ɗago ya ce, "Ka samo man?" Sai da na yi sallama ya ce, "Auta?" ya miƙe. Na ɗauka daɗewa ce ta sauya ni.

Yaya, babban wana, ya jujjuya tayarod ɗin a hannu.

"Ka bari sai bayan damina."

"Don me?"

"Taraktar ta saba da halinta, Baba ma ya saba."

"Ba a sabawa da abin da zai kifar da mutum," na ce.

Kawu, ƙanin Inna, wanda bakinsa ba ya hutu, ya ce, "Ku bar Injiniya ya nuna mana abin da ya hau jirgi ya koyo."

Washegari na ɗaga gabanta da jak. Notuna sun yi tsatsa, sai da mai da guduma suka yarda. Kan tsohon tayarod ya cinye, yana girgiɗi cikin gidansa kamar haƙorin tsoho, an naɗe shi da waya da tsumma. Bushin sun zama gari. Na wanke, na shafa giris, na ɗaura sababbi, na auna tsakanin tayoyin gaba da igiya har suka daidaita. Baba yana zaune kan tsohuwar taya, ya karkato kunne. Bai matso ya duba ba. Na ce a raina yarda ce.

Gwaji ya faɗo a gonar maƙwabcinmu Mai Lemo, wanda ya fara maganar bai wa wani aikin huɗarsa. Kawu ya baza labari an gyara sitiyari, mutane suka taru a bakin gona.

Baba ya hau. Yaya ya fito da wata farar riga ƙal, ya je ya tsaya a gaban tarakta.

"Ina za ka?" na ce.

"Duwatsu nake kwashe masa. Kullum haka muke yi."

"Ba a tafiya a gaban tarakta. Ko'ina a duniya ba a yi."

Da ƙarfi na faɗa, don a ji. Yaya ya dubi Baba. Baba ya ce, "Ka ji Injiniya. Koma gefe."

Ta tashi lafiya. Ta yi 'yar tafiya a miƙe, sai ta fara cin hagu. Ta ci gaba da ci har ta haye iyaka, garma ta tumɓuke bututun ban-ruwan Mai Lemo, ruwa ya yi tsiri sama. Ihun mutane ne ya tsayar da Baba.

Kawu bai bari shiru ya sauka ba.

"To ga gyaran ƙasar waje. Da karkata kawai take yi, yanzu an koya mata shiga gonar mutane."

Aka fashe da dariya, har da Mai Lemo. Yaya ma ya yi, ya fi kowa ƙarfi. Duk idanu suka dawo kaina.

Na ce Baba ya sauka. Na hau, na mayar da ita kan layi, na ja huɗa har ƙarshen gona na dawo. Ko zare albarka. Na kashe inji, na juya sitiyarin da yatsa ɗaya.

"Ku zo ku taɓa. Ba abin da ya sami sitiyarin nan."

Ba wanda ya zo. Kawu ya sunkuya yana kakkaɓe ƙafar wandonsa. Mai Lemo ya tafi rufe ruwa. Baba yana tsaye inda ya sauka, ruwa yana bin takalmansa, fuskarsa tana kallon gefen da ba ni nake ba. Yaya ya je ya tsaya a gabansa da farar rigar nan, ya fara tafiya a hankali. Baba ya bi shi.

Nan na gane duwatsun da Yaya yake kwashewa.

A gida na sami Inna tana shanya.

"Tun bara yanar ido take rufe masa gani," ta ce, ba ta juyo ba. "Fari kaɗai yake rarrabewa sosai."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"A waya? Shi bai faɗa wa kansa ba tukuna. In an ce asibiti, ya ce sai an gama huɗa. Duk garin nan ba wanda bai sani ba, Auta. Sitiyarin nan kowa ya taimaka ya ɗora masa laifi." Ta matse wani zane. "Yau ma kawunka ya rufa, kai ka yaye."

Na sunkuyar da kai. Takalman da na kawo mata suna ƙafarta.

Da la'asar na jawo taraktar rumfa, na sake ɗaga ta da jak. Na kwance tayarod na hagu, na goge shi, na mayar cikin jakata. Tsohon kuma ban ɗaura ba. Ina tattara sifana na ji takun Baba, hannunsa yana bin bango.

"Me kake kwancewa?"

"Na hagu. Ba nata ba ne, na yi kuskure wajen saye. Shi ya ja ka."

Ya matso kusa da taraktar.

"Kai ai ta bi ka daidai."

"Sa'a ce."

"Kawunka zai shekara yana maka dariya."

"Ya yi."

"Wani fa, yaushe zai iso?"

"Sai an aiko daga can. Zai ɗauki lokaci."

Ya shafa murfin injin, inda fenti ya goge saboda tafin hannunsa. Ya fita, na biyo shi. Na ja ƙofar rumfar, na sa kwaɗo, na jefa makullin a aljihuna.

"Gobe da safe zan je in gaya wa Mai Lemo laifina ne, in gyara masa bututunsa," na ce. "Daga can mu wuce asibiti, Baba. Ba za ta sauka daga kan jak ba sai an duba idonka."