Tsingaron da Gwaggo Ta Wanke

A unguwarmu ba wanda ya taɓa damuwa da tudun bayan makaranta. Awaki ne ke hawansa, masu yin bulo sun cinye kusan rabinsa, mu kuma mun yaga wanduna a kansa muna yara. Sai da hukumar gari ta ce za ta baje shi ta yi tashar mota, sannan kowa ya tuna yana da kakar da aka ce ta zauna a can.

Ni na janyo maganar tono. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta ilimin binciken kayan tarihi, karatun da Gwaggo, ƙanwar babana da ta raine ni, take bayyana wa mutane da cewa haƙar rami ne amma da digiri. Na yi ta sintiri a ƙofar ofishin malaminmu, wanda muke kira Dokta, har ya gaji da ganina ya yarda ya kawo ajinmu. Hukuma ta ce ta ji. In aka kawo shaidar cewa wurin tsohon mazauni ne na gaske, za a bar shi. In damina ta wuce ba shaida, buldoza za ta shiga.

Kusurwa ɗaya ce kawai ta rage wadda masu bulo ba su birkita ba, nan muka ja igiya muka fara. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka tono ne da tsince-tsince. Ƙasa hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama. Tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san daga wane hawa ya fito, kuma me ke kusa da shi. Shi ya sa kowane hawa da ledarsa, kowace leda da 'yar takardarta. Abin da ka tone kuwa ka tone shi ke nan, ba a mayar da shi a sake.

Unguwa ta karɓe mu hannu bibbiyu. Birkila ya ba mu aron shebur da kwanon ɗaukar ƙasa, Tela ya ɗinka mana rumfa, mata suka riƙa kawo ruwan sanyi suna tsayawa a bakin rami suna gyara mana aiki da baki. Aka sa mini suna Mai Tono. Gwaggo da ke yi mini dariya ta zama sarkin wurin, in ta ga baƙo sai ta nuna ni da haɓa ta ce, “Waccan mai ƙasa a ka, tawa ce.” Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina.

Can a ƙasan ramin muka tarar da tsohon murhu, da gawayinsa a kwance. Dokta ya durƙusa ya duba shi. Ya ce wannan gawayin ne zai ceci tudun, domin akwai ɗakin gwaji da ke iya faɗin shekarunsa. Muka naɗe shi a takardar alminiyam kamar jinjiri.

Da aka zo maganar ajiya, Gwaggo ta ce kayan kakanninta ba za su kwana a wani wuri ba tana da ɗaki a rufe. Dokta ya yarda, ya ce ai kayan mutanen unguwa ne, mu riƙo kawai muke yi. Muka jera ledoji a ɗakin, na yi mata bayani cewa kaya ne masu daraja, kada a bar kowa ya shiga. Ta ce ko ƙuda sai da izininta. Muka koma makaranta rubuta jarrabawa.

Muna can aka yi ruwan da ya ɗauke kwanon gidaje. Bangon raminmu ya rufta, ya binne murhun da laka. Wannan bai tayar mini da hankali sosai ba, tunda kayan suna ɗaki.

Bayan jarrabawa, da safe muka iso gidan Gwaggo, ni da Dokta. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin sabulu. An share tsakar gida fes, an shimfiɗa tabarmi, an rufe su da fararen zannuwan gado. A kansu ga tsingaronmu kaf, an jera manya a gefe guda, ƙanana a gefe guda, jajaye da jajaye, baƙaƙe da baƙaƙe, masu zane a tsakiya. Matan unguwa sun ci ado suna zaune suna jiranmu. A kan igiyar shanya ledojinmu ne ke kaɗawa, an wanke su tas.

“Ɗakin ne ya yi yoyo,” in ji Gwaggo, tana gyara ɗankwali. “Na shiga na tarar duk sun yi kaca-kaca da laka. Na ce wallahi ba za a kai wa manyan hukuma kayan kakanninmu da datti ba. Na tara mata muka yini a kai. Dubi hannuna, duk ya yi fari.”

Na dubi ledojin da ke kan igiya na ce, “Gwaggo, takardun da ke cikin ledojin fa?”

“Waɗannan 'yan guntayen? Ai sun jiƙe sun zama dame, mun share.”

“Abin da ke cikin takarda mai ƙyalli fa?”

Matar Tela ta fashe da dariya. “Gawayi ne fa, 'yar nan! Mun zata zinariya ce, muka buɗe sai gawayi. Shi muka haɗa da namu muka ɗumama ruwan wankin. Ba shi da kirki ma, da ƙyar ya kama.”

Ina da baki, duk unguwa ta sani. Na taɓa tsayar da ofis guda a kan an ɓata mini suna a takarda. Ranar nan na buɗe bakin, na dubi hannun Gwaggo da ya tattare saboda ruwa, wani ɗan yatsa ɗaure da tsumma inda tsingaro ya yanke ta, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Haushi ya cika ni har wuya, ba inda zan sauke shi.

Dokta ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen rigarsa. Sannan ya ce, “Sannunku da aiki, iyaye. Allah ya saka.” Ya fita waje. Na same shi jingine da mota, na tambaye shi ko da abin da za a iya yi. Ya ce zai rubuta abin da muka gani da idonmu, ya haɗa da hotuna, amma kada in sa rai.

Ya rubuta. Hukuma ta aiko mutum biyu, suka zagaya tabarmin Gwaggo, suka yaba tsafta, suka ce fasassun tukwane akwai su a kowace bola. Ban iya musa musu ba, domin a yadda suke a jere, ni kaina ba zan iya rantsewa wanne ya girmi wanne ba.

Ranar da buldoza ta zo, unguwa ta fito ta tsaya daga nesa. Gwaggo ta zuba masu zanen a faranti, ta rufe da ƙyalle, ta tafi har gaban direba ta buɗe masa. Ya leƙo daga sama, ya gyaɗa kai don girmamawa, ya yi mata alama ta matsa. Ta dawo ta tsaya kusa da ni, farantin a hannunta, muna kallon ƙasa tana tafiya hawa bayan hawa.

Ban taɓa gaya mata cewa wankin ne ya lalata shaidar ba, na kuma roƙi 'yan ajinmu kada su gaya mata. Muna tsaye a nan ta goge wani tsingaro da bakin zaninta ta ɗaga shi a rana.

“Mai Tono,” ta ce, “gaya mini gaskiya. Ko dai ban wanke su sun fita sosai ba?”