Sandar Baba a Kan Birki

Kashim dai tun yana yaro ba ya son ya sunkuya a gaban mutane. Adda Haula, yayarsa wadda ta goye shi, ta fi kowa sanin haka. Da mahaifinsu ya rasu ya bar tsohuwar Fijo 504, wadda ya yi shekaru yana kai atamfa garin Belel da ita, Kashim ne ya karɓi makulli. Ya sa aka wanke ta, ya sayo mata tampol shuɗi.

Ba a jima ba mota ta fara kwana lafiya ta tashi a mace. Kullum da safe batir ba wuta. Matiyu mai gyaran wayar mota ya auna, ya ce fitilar birki ce ke shan wutar, wataƙila makunninta da ke saman fedar birki ya maƙale. Ya canza shi. A gareji an taka birki fitila ta kama, an saki ta mutu, lafiya lau. Washegari sai turi. Aka sake wani makunnin, aka bi waya har baya. Turi dai.

"Adda, motar nan ta bi mai ita," in ji Kashim, yana karkaɗe babbar rigarsa. "Na kira 'yan gwangwan. Gobe za su zo su yanka ta."

"Su yanka wa? Motar Baba?"

"Ƙarfe ne fa, Adda."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ja tsaki. Mutumin da ko bonet bai taɓa ɗagawa da hannunsa ba, wai shi ne ya san ƙarfe.

Bayan la'asar kazarta ta shige ƙarƙashin tampol, can wajen katanga inda Kashim ke juya bayan motar. Haula ta durƙusa ta ɗaga gefe, sai ta ga farar kazarta ta koma ja. Fitilun baya suna ci, gilashin har ya yi zafi. Ta zagaya ta buɗe ƙofar direba. Ga sandar dogarawar Baba nan, an tokare kanta da kujera, gindinta ya danne fedar birki har ƙasa.

Ta ƙwala wa Kashim kira. Matiyu ma da ya zo cire batir kafin masu yanka su iso, ya leƙo.

"Kashim, mene ne wannan?"

"Sanda mana. Ba kin san birkin hannu ba ya ci ba? Ga ƙofar gidan nan gangara. In ban tokare ba, can cikin ruwan mayo za mu tsince ta."

"Baba kuwa da me yake riƙe ta?"

Ta nuna masa dutsen da ke gindin darbejiya, wanda Baba ke yi wa taya waigi da shi don kada mota ta gangara, gefensa har ya yi santsi.

"Haba Adda. Ni zan fito da babbar riga in sunkuya ina sa waigi kamar karen mota? Mutane suna kallo?"

Matiyu ya zare sandar, fitila ta mutu nan take. Ya mayar, ta kama. Ya dafe kai.

"Alhaji, ni ina ta canja makunni, ashe kai ke taka mata birki dare da rana? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ka tambaye ni ne?"

Haula ta yi dariyar da ba daɗi a ciki. "Baba ya je Makka, ya aurar da mu duka, yana sunkuyawa yana sa dutsen nan da hannunsa. Kai da ka gaji shago a shirye, bayanka ne ya fi nasa tsada. Kira mutanenka ka ce kada su zo."

"To wa zai riƙa sa waigin?"

"Mai tuƙi."

Kashim ya ajiye makullin a kan bonet ya shige gida. 'Yan gwangwan ba su zo ba. Yanzu mijin Haula ke jan motar, yana kai hatsi garin Uba. Kashim kuwa keke mai ƙafa uku yake tarewa zuwa kasuwa, in an tambaye shi sai ya ce likita ne ya hana shi tuƙi.